Akwatin Baba Kofur: wa zai rubuta tarihin ƙaramin sojan yaƙin basasa?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Da yawanku kun zo jana'izar mahaifinmu a Agege makon jiya, wasu kun kira, wasu kun aiko. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Abin da ya dawo da ni, jiya bayan an watse daga sadakar bakwai muka buɗe akwatin ƙarfen nan nasa da ke ƙarƙashin gado tun muna yara, wanda ko mahaifiyarmu ba ta sa hannu a ciki. Babu ko kwabo. Akwai littafin sallamarsa daga soja, bangon ya yi laushi kamar tsumma. Akwai lambobi biyu da zarensu ya koɗe. Akwai hoto guda: samari biyar cikin kaki, kowa da bindiga a kafaɗa, an ɗiga wa uku daga cikinsu alama da biro a saman kai. Sai wani cokalin ƙarfe da ya lanƙwashe, ya yi baƙi ƙirin kamar daga murhu aka ciro shi.

Da littafin nan na kwana a hannu har aka kira assalatu. Shekarata 46, gida ɗaya muke kwana muke tashi, amma sai jiya na san watan da ya shiga soja: Agusta 1967. An sallame shi a 1978 yana kofur, igiya biyu. Abin da na ji daga bakinsa bai cika tafin hannu ba. Ya taso daga wani ƙauye a ƙasar Kazaure yana ɗan saurayi, ya biyo jirgin ƙasa zuwa Ikko, ya kama aikin ɗaurin huhun goro a nan Agege wajen wani uban gidansa. Daga nan ya shiga soja. Ya yi yaƙin Ojukwu, kamar yadda su suke kiransa. Ya dawo da tabon ƙuna daga kafaɗa zuwa ƙugu. Bayan sallama ya yi gadi a wani kamfani a Ikeja shekara ashirin da wani abu. Unguwa kowa Baba Kofur yake ce masa, amma in ka tare yaran layinmu ka tambaye su wane yaƙi ya yi, babu mai ba ka amsa.

Manyan hafsoshi sun rubuta littattafansu. An sa sunayensu a tituna da barikoki da filin jirgin sama. To wanda ya kwana a rami fa? Duk wanda ya san wani abu game da inda irinsu suka bi, ko yake da uba ko kaka irin nawa, don Allah ya yi magana. Ina so in haɗa wa 'ya'yana wani abu tun ban manta ɗan abin da na sani ba.

Alhajin Mile 12:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba Kofur, ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri. Ni na san shi a sahun farko na masallacin zango. Duk zafin Legas ban taɓa ganinsa ba riga biyu a jiki, ashe abin da yake rufewa ke nan. Goro fari yake ci, ba ya cin ja, kuma da yatsa ɗaya yake gane wanda ƙwaro ya shiga. Mutumin kirki ne, ba ruwansa da hayaniya.

Malamin Tarihi, Obalende:
Allah ya gafarta masa. Ɗan'uwa, watan nan da ka gani a littafin ya ba ka rabin labarin. An fara harbi ranar 6 ga Yuli 1967 a Gakem, wajen Ogoja, bayan Ojukwu ya ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu. Da farko gwamnatin Gowon ta ɗauka ɗan aiki ne na 'yan makonni. Sai ranar 9 ga Agusta sojojin Biyafara suka tsallako gadar Neja, suka kama Benin ba tare da wani faɗa ba, suka nausa har Ore, kan hanyar Legas. Hankalin garin nan ya tashi matuƙa. A wannan ruɗanin aka haɗa Runduna ta Biyu cikin gaggawa aka ba Laftanar Kanar Murtala Muhammed. An kwashi masu dafa abinci na bariki, da akawu-akawu, da mazan jiya 'yan yaƙin Burma da aka dawo da su, da samarin gari irin mahaifinka. Saurayin da ya shiga soja daga Agege a wannan wata, akasari can ya faɗa.

Ka duba yadda abin ya kumbura: kafin yaƙi sojan Najeriya bai wuce dubu goma ba, amma ranar da aka gama ya kai wajen dubu 250. Ka ga ke nan kusan duk wanda ya yi yaƙin, ba soja ba ne tun asali. Manomi ne, ɗan dako ne, ɗan tireda ne, yaron mota ne.

Wani abu kuma da 'yan Legas ba su cika sani ba: ita kanta rundunar sojan ƙasar nan a garin nan aka kafa harsashinta, a 1863, lokacin da Bature Glover ya tara wasu 'yan Arewa ya ba su bindiga, har ake kiransu Hausawan Glover. Shi ya sa Hausa ta daɗe tana zaman harshen bariki. Kuma nan bayan gidanmu, a Barikin Dodan, Philip Effiong, mataimakin Ojukwu, ya miƙa wuya ga Gowon ranar 15 ga Janairu 1970, bayan wata 30 ana gwabzawa. Kullum sai na wuce ta wurin.

Tsohon Samanja, Ojo:
Malam ya yi bayani irin na littafi, bari in ƙara irin na bariki. Ni ban yi yaƙin basasa ba, na shiga a 1983, nawa yaƙin Laberiya ne. Amma waɗanda suka koya mana fareti su ne suka yi shi, kuma da daddare in an zauna a kasuwar mami ta bariki baki yakan buɗe.

Mu wata shida muka yi a makarantar kurata ta Zariya kafin a kira mu soja. Su kuwa, sajenmu ya ce mako shida aka ba su, wasu ma ko haka ba su samu ba. A koya maka kwance bindiga da ɗaura ta, a nuna maka yadda za ka kwanta in ka ji harbi, shi ke nan a loda ku a mota. Wani bai taɓa sa takalmi ba sai ranar da aka miƙa masa but, ƙafa ta yi ta ɗurar ruwa har ya gwammace ya rataya shi a wuya.

Amma abin da ya fi cin 'yan Runduna ta Biyu shi ne kogi. Sun karɓe Benin a Satumba, suka bi ta Agbor har Asaba, suka tarar an fasa gadar Neja, gadar da ba a daɗe da gama ta ba a 1965. Hedkwata a nan Legas ta ba da shawarar a zagaya ta Idah inda babu abokan gaba a gaɓa. Aka ƙi, aka ce ta ruwa za a afka wa Onitsha kai tsaye. Har sau uku ana gwadawa ana komowa da asara. Ka ɗauki yaron da ruwan da ya sani bai wuce kududdufin garinsu ba, ka ɗora masa jaka da harsashi da hular kwano, ka sa shi cikin jirgin fito da dare, ana ruwan wuta daga ɗaya gaɓar. Wanda harsashi bai samu ba, nauyin kayansa ya ja shi ƙasa. Daga ƙarshe dai ta Idah ɗin aka bi, aka zagayo ta Enugu da Awka, aka shiga Onitsha a Maris 1968. Ina ganin girman Murtala, Allah ya jiƙansa, amma wannan shawarar ta ci 'ya'yan mutane ba gaira ba dalili.

Maganar ƙuna da cokali kuwa, ɗana, ka binciki sunan Abagana. Ranar 31 ga Maris 1968 aka yi wa ayarin motocin Runduna ta Biyu kwanton ɓauna a can, wuta ta kama tankar mai, ta bi motocin ɗaya bayan ɗaya a kan siririn titi. Kaɗan ne suka fita.

Ɗan Agege:
Baba Samanja, wallahi jikina ya yi sanyi. Abagana! Ya sha faɗin wannan suna in zazzaɓi ya kama shi, mu muna tsammanin sunan wani abokinsa ne Babarbare.

Maganar ruwa kuma yanzu na gane. Duk shekarun da ya yi a Legas bai taɓa zuwa bakin teku ba, ko da Sallah da muke roƙonsa ya kai mu. Ranar da na sayi mota na ɗauke shi zuwa Obalende gaisuwar mutuwa, muna hawa gadar Third Mainland ya kama ƙofar mota da hannu biyu, ya rufe ido, leɓensa na motsi, bai buɗe ba sai da ya ji mun sauka. Da za mu dawo ya ce, "Ka bi da ni ta Carter, ta fi gajarta." Ni a raina na ce tsufa ne. Allah ka yafe mini.

Haifaffen Sabon Gari, Alaba:
Maigida, ya haƙuri? Allah ya ba ku dangana. Kun san ni a zauren nan, ni Ibo ne, a Sabon Garin Kano aka haife ni, da Hausa na tashi. Na daɗe ina rubutawa ina gogewa, domin gidan makoki ba wurin tone-tone ba ne. Amma ka ce kana son tarihi, kuma tarihi ba a ɗaukar rabinsa.

An ambaci Asaba an wuce kamar tasha ce kawai. Ranar 7 ga Oktoba 1967 mutanen garin suka fito cikin fararen kaya suna waƙar Najeriya ɗaya ce, don su nuna suna tare da gwamnati. A unguwar Ogbe-Osowa aka ware maza da samari daga mata, aka buɗe musu wuta. Ɗaruruwa suka mutu. Kuma Asaba ba ta cikin Biyafara, tana Jihar Tsakiyar Yamma ne. Sojojin Runduna ta Biyu ne suka yi wannan.

Ban ce mahaifinka ya yi ba, Allah shi ne shaida. Abin da nake cewa, mu ma muna da namu akwatunan. Kakata ta gudu daga Kano a 1966 da 'ya'ya biyar, uku ta dawo da su a 1971. Biyun ba bindiga ta kashe su ba, yunwa ce. Ciki ya kumbura, gashi ya yi ja, ƙafa ta zama kamar sillen kara. Kakana yana da ajiya a banki kafin yaƙi, bayan yaƙi fam 20 aka ba shi kamar kowa, ko nawa ka ajiye. Da shi ya sake kafa shago. In za a rubuta na ƙaramin soja, a bar wa waɗannan yaran biyu ko layi ɗaya ne.

Direban Tirela, Apapa:
Haba malam! Mutum ya rasa uba kwana takwas, ka zo kana lissafa masa Asaba? In lissafi za a yi, daga ina za a fara? Wa ya kashe Sardauna a gidansa ranar 15 ga Janairu 1966? Wa ya kashe Tafawa Ɓalewa? Birgediya Maimalari fa, da Kur Mohammed, da Largema, da Pam? Wanda ya tsokano tsuliyar dodo shi ya san abin da ya nema. Da irin su Baba Kofur ba su tsaya ba, da yau sai da fasfo zan kai kaya Fatakwal. Gwarzo ne, ba mai canja mini wannan.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, a sassauta. Ba zan goge maganar kowa ba, domin babu wanda ya yi zagi. Amma duk wanda zai ƙara rubutu ya tuna iyalan mamaci suna karantawa.

Ɗan Langtang, Ikeja:
Sannunku da haƙuri. Direba, ka ambaci Pam, ɗan Filato ne, namu ne, don haka ina da bakin magana. Waɗanda suka yi juyin mulkin Janairu hafsoshi ne 'yan ƙalilan. Tsohon da aka harbe a Asaba da farin zane, da yaron da yunwa ta kashe, ba su san hanyar gidan Sardauna ba. Haka mai gyaran keke da aka kashe a Sabon Gari lokacin rikicin araba na 1966.

Babana ma ya yi yaƙin, a Runduna ta Ɗaya ƙarƙashin Mohammed Shuwa, ya shiga Nsukka da Enugu, yana nan aka kama Umuahia a Afrilu 1969. Mutanen Kudu duk Hausawa suke ce musu, alhali a raminsu akwai Tibi, da Bazuru, da Bachama, da Tarok irinsa, Hausa ce kawai ta haɗa su. Ya ce mai sallah ya yi sallarsa shi yana gadi, shi in ya durƙusa addu'a wancan ya riƙe bindiga. Na taɓa tambayarsa me ya kai shi soja. Ya ce damina biyu a jere gona ba ta yi ba, kuma an ce soja ana ba da albashi da abinci sau uku. Ban ji ya ce don haɗin kan ƙasa ba. Wannan sai daga baya ya ji a rediyo.

Malamin Tarihi, Obalende:
Duk abin da Direba ya lissafa gaskiya ne, duk abin da ɗan'uwanmu na Alaba ya faɗa shi ma gaskiya ne, kuma ɗaya ba ta goge ɗaya. Gowon da kansa ya fitar wa sojoji ƙa'idojin aiki a 1967, cewa kada a taɓa mata da yara da wanda ya miƙa wuya. Ke nan ko a ma'aunin gwamnatin da suke wa yaƙi, abin da aka yi a Asaba laifi ne. Mafi yawan waɗanda yaƙin ya ci, miliyan ɗaya ko fiye a ƙiyasin da aka fi yarda da shi, fararen hula ne da yunwa ta kashe bayan an toshe hanyoyin abinci. Ni abin da ke damuna, 'ya'yanmu a nan Legas suna zama aji ɗaya da 'ya'yan Ibo, kowa da labarin da aka ba shi a gida, kuma babu wanda ya ji na ɗan'uwansa.

Yaya Babba:
Salamu alaikum. Ni ce babbar 'yar marigayi. Ƙanina ne ya turo mini abin da ake ta rubutawa, na ce a sa ni a ciki, don akwai abin da shi bai sani ba. Ni na yi jinyar Baba wata huɗu na ƙarshe, kuma dare ba ya barci.

Bawan Allah na Alaba, Baba yana Asaba. Da bakinsa ya gaya mini. Ya ce su an ajiye su ne wajen bakin ruwa suna gadin kaya, suka ji harbi ya ƙi ƙarewa, ba irin na faɗa ba, don ba a mayarwa. Washegari aka bi da su ta wurin. Ya ce mata ne ke jan gawa da hannu, wata tsohuwa ta ɗora ɗanta a kan ƙyauren ƙofa tana ja, ta tsaya ta dube shi. Ya ce, "Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba, kallona kawai ta yi." Na ce Baba ai ba kai ka yi ba. Ya ce, "Kakin jikina da na waɗanda suka yi, tela ɗaya ya ɗinka." Na rasa abin da zan ce masa, sai na gyara masa matashi.

Cokalin nan ba nasa ba ne. Na abokinsa ne, na biyu daga hagu a hoton, ɗan wajen Gumel, tare suka shiga daga Agege. Kwano ɗaya suke ci, cokali ɗaya, wannan ya kai baki ya miƙa wa wannan. A Abagana mota ɗaya suke. Baba ya diro rigarsa na ci da wuta ya yi ta birgima a cikin rogo, shi abokin bai fito ba. Da wuta ta lafa, kafin a kwashe masu rauni, ya rarrafa ya koma, abin da ya iya ganewa ke nan. Daga Enugu aka kawo shi asibitin soja na Yaba, ya yi watanni a kife don bayansa ba ya taɓuwa. Da ya warke aka mayar da shi, a can ya ji an gama yaƙi. Ya yi niyyar kai wa uwar yaron cokalin, ya je Gumel sau ɗaya bayan yaƙi, aka ce ta rasu.

Kuma ku da kuke unguwa kun san kowace Juma'a yakan sayi ƙosai ya tara yara a ƙofar gida. Bai yarda yaro ya tafi da shi ba, sai ya zauna ya cinye a gabansa yana kallo. A gidanmu duk laifin da ka yi za a iya dukanka, amma ba a horo da yunwa. Ran da mahaifiyarmu ta hana ƙanina tuwon dare don ya fasa tulu, ranar kaɗai na taɓa jin Baba ya ɗaga mata murya.

Haifaffen Sabon Gari, Alaba:
Hajiya, na gode. Na karanta sau uku. Ban taɓa jin wannan daga ɓangarenku ba, ko sau ɗaya a rayuwata. Zan karanta wa mahaifiyata, tana jin Hausa fiye da ni. Allah ya ba Baba hutawa.

Maman Khalifa, Idi-Araba:
Yaya, kin sa ni kuka a shago. Ni kakata ta wajen uwa Ibo ce, daga wajen Okigwe. Kakana ya taho da ita bayan yaƙi tana 'yar budurwa, ta musulunta, ta haifi takwas, ta zama gwanar tuwon shinkafa da miyar taushe har ana ɗaukarta girkin biki. Muna yara ana ba mu labarin kamar na soyayya. Sai da na yi aure na tambaye ta, Iya da son ranki kika biyo shi? Ta daɗe tana tsinke zogale ba ta ce komai ba, can ta ce, "A gidanmu an kwana huɗu ba a ɗora tukunya ba, shi kuma yana da garin kwaki da naman gwangwani." Ba ta ƙara ba. Ta riƙe shi da amana har ya rasu, shi ma bai taɓa yi mata kishiya ba. Sai a shekarun 1990 kawuna ya kai ta garinsu, ta sami ƙanwarta guda da rai, suka zauna suna kallon juna, yaren ya guje mata sai 'yan kalmomi. Irin matan nan suna da yawa a barikoki da zangonni, su ma a sa su a lissafi.

Direban Tirela, Apapa:
Hajiya Babba, ki yafe mini in na ɗaga murya a kan makokinku. Ni dai har yanzu gwarzo nake ganinsa, yanzu ma ya ƙara girma a idona. Mutumin Alaba, ba da kai nake ba, zafin Sardauna ne, da shi aka raine mu.

Tsohon Samanja, Ojo:
Tunda an zo nan, bari in taɓo inda ya fi yi mini ciwo. Ɗana ka ce an sallame shi a 1978. Lokacin ne ake rage yawan soja, don ƙasa ba za ta iya riƙe dubu 250 ba. Waɗanda aka fara zubarwa su ne irinsu: marasa takardar makaranta, masu rauni a jiki, waɗanda aka ɗauka a guje lokacin da ake neman wanda zai tare harsashi. Da yawa ba su cika shekarun fansho ba, aka ba su ɗan kuɗin sallama a dunƙule, wata shida ya ƙare. Shi ya sa in ka duba masu gadin gidaje da kamfanoni a Ikoyi da Apapa da Ikeja a shekarun 1980, da yawansu mazan jiya ne. Ya tsare ƙasa, ya dawo yana buɗe wa yaro ƙofa yana sara masa.

Duk 15 ga Janairu ana bikin tunawa da mazan jiya, a ajiye furanni, a saki tantabaru, manya su maƙala ɗan tambari a ƙirji. Ban ƙi ba. Amma na raka wani dattijo tantancewa wani ofishi, mun kwana biyu a kan kwali a waje, ƙarshe aka ce sunansa na littafi da na katinsa sun bambanta da harafi ɗaya, ya je ya gyaro. Akawun da ya rubuta sunan a 1967 Bayarabe ne, yadda ya ji haka ya rubuta. Dattijon ya rasu ba a gyara ba.

Alhajin Mile 12:
Samanja, gaskiyarka, amma kada mu ɗora wa hukuma duka. Mu fa? Shekara nawa muna sahu ɗaya da Baba Kofur, wa ya taɓa zama ya ce Baba ba ni labari? In attajiri ya shigo masallaci har rige-rigen ba shi wuri muke. Tsohon soja kuwa in ya cika shiru a ce yaƙi ya taɓa masa kai, in ya cika magana a ce ya fara sambatu. Ni kaina ban tambaye shi ba, kuma kusan kullum sai mun gaisa.

Ɗan Agege:
Alhaji, ni da na kwana gida ɗaya da shi ma ban tambaya ba. Baba bai sami fansho ba, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, iyaka ya ce wanda ya dawo da ƙafafunsa biyu an riga an biya shi.

Sau ɗaya na ga sojan da ke cikinsa. Ranar Lahadi 27 ga Janairu 2002, da ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta kama wuta. Waɗanda ke Legas lokacin kun tuna. Ƙasa na girgiza, gilashin taga na zubowa, sama ta yi ja, kowa na cewa juyin mulki ne, wasu na cewa yaƙi ya zo. Layinmu gaba ɗaya aka fito za a gudu, mata da goyo, ba wanda ya san inda za shi. Baba ya fito tsakiyar titi da carbi a hannu, ya daka wata tsawa da ban san yana da ita ba. Ya ce kowa ya koma ya kwanta a gindin bango, a nisanci taga. Ya karkata kunne ya ce, "Wannan ba harbi ba ne, babu mai saiti. Kaya ne ke tashi da kansu. Wanda ya gudu cikin duhu shi zai mutu." Yana jin ƙara yana faɗin sunanta, wannan ta atilare ce, wannan gurneti ne. Mutane suka bi maganarsa. Washegari muka ji abin da ya faru a magudanar ruwa ta Oke-Afa, inda ɗaruruwan masu gudu suka afka cikin duhu, akasari mata da yara.

Amma bayan kowa ya kwanta, na shiga ɗakinsa na same shi a tsugune bayan ƙofa, ya cire riga, gumi na zuba a kan tabon nan, hannunsa na rawa har carbin ya faɗi. Da ya gan ni ya ce in rufe ƙofa kada yara su gani. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau, ko Yaya ba ta sani ba.

Malamin Tarihi, Obalende:
Ɗan'uwa, abin da kai da Hajiya kuka rubuta a daren nan, kada ku bar shi a waya. Ku kwafe shi a takarda, ku ɗauki hoton kowane shafi na littafin sallamar da na hoton nan gaba da baya. Wanda ya shiga yaƙin yana ɗan shekara 18 yanzu ya haura 75. In akwai wanda ya rage cikin biyar ɗin nan, ni zan zo da na'urar ɗaukar murya, ranar Asabar ba ni da aji.

Yaya Babba:
Akwai. Na ƙarshe daga dama, dogon nan mai tsage a kumatu, yana nan da rai a Idi-Araba wajen ɗansa, Baba Saje muke ce masa. Bai sami zuwa jana'iza ba don ƙafa ta ƙi. Malam, in za ku je ku bari sai bayan la'asar, da safe ba ya jin daɗin jikinsa. Ku zauna ta damansa, kunnen hagu ya mutu tun Onitsha. Kada ku fara da tambayar yaƙi, ku fara da gaisuwar Baba, shi zai kawo maganar da kansa. Ƙanina, ka tafi da hoton, ka bar cokalin a gida tukuna. Ka biya zango ka saya masa goro, shi ma fari yake ci.

Haifaffen Sabon Gari, Alaba:
In ba za a damu ba, zan rufe shago da wuri in same ku a can. Goron ku bar mini, ni zan sayo.